Kwamfutoci Goma Sha Biyu a Hannun Baba

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana riƙe da siton makarantarmu. Ba malami ba ne, bai taɓa tsayawa gaban allo ba, amma duk wanda ya koyar a makarantar nan sai da ya tsaya gabansa ya roƙi alli. Mai Makulli ake ce masa, tun daga shugaban makaranta har 'yan aji ɗaya. Makullan a igiya guda suke, yana ɗaure su a ƙugu, kafin ka gan shi ka ji shi. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma lissafi nake koyarwa a makarantar. Wato da asuba ubana ne, ƙarfe takwas na yi ya koma mutumin da zai ba ni alli biyu ya ce in dawo masa da guntayen. A gida "ke" yake ce mini, a makaranta kuwa Malama, kamar yadda yake kiran kowace mace mai riƙe alli.

Siton ɗaki ne guda mai taga ɗaya, amma wallahi ya fi ofishin shugaba tsabta. Tsintsiya a jere, bokitai a kife, rajista a ɗaure da zare shekara shekara. A kantar sama akwai littattafan kimiyya guda sittin da suka tsufa a cikin ledarsu, har aka canja manhaja ba a buɗe ko ɗaya ba. In baƙo ya zo su yake fara nunawa.

Abin da ya mai da shi haka kowa ya sani, don ba a ɓoye aka yi ba. Yana da shekara huɗu da kama aiki wani malami ya zo aron ƙwallon nan na taswirar duniya, guda ɗaya tilo da makarantar take da shi. Baba ya ba shi da fara'a, ko hannu bai ce ya sa ba. Malamin ya bar shi a aji ya tafi shan shayi, yara kuwa suka ga abu zagayayye suka yi abin da yara ke yi da shi. A bayan aji aka tsince shi a rabe biyu. Malamin ya ce shi bai san zancen ba. Aka tara makaranta gaba ɗaya a fili, aka kira sunan Baba, aka karanta masa dakatarwar wata uku yana tsaye. Ina 'yar shekara biyar lokacin. Abin da na iya tunawa kawai shi ne yana zaune a ƙofar ɗaki da rana tsaka, lokacin da iyayen mutane suke wurin aiki. Daga ranar da ya koma, ko ƙusa ba ta ƙara lalacewa a hannunsa ba, don ko ƙusa ba ta ƙara fita ba.

To, shekarar da zai ajiye aiki ce wata ƙungiya mai raba kwamfuta a makarantun ƙauye ta tuna da mu. Suka zo a farar mota, suka kafa farantan sola a rufin tsohon ɗakin malamai da aka mai da ɗakin kwamfuta, suka sauke kwamfutoci goma sha biyu, irin masu rufewa kamar littafi, kowace da maus ɗinta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Har da maus guda na ajiya. Shugabarsu yarinya ce ƙanwar bayana, mai saurin magana, muka sa mata Mai Tabarau. Ta tsaya a gabanmu ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa don yara aka kawo, yara su taɓa, su danna, su koya. Ta ce bayan shekara za su dawo su duba. Makarantar da ta amfana za a bar mata su har abada, wadda ba ta amfana ba a kwashe a kai wa wata, don masu jira suna da yawa. Ni aka zaɓa na tafi birni horo na sati uku, na dawo da takardar shaida da kaina a kumbure.

Mu abin ya zo mana a kan gaɓa. Jarrabawar shiga manyan makarantu an riga an mai da ita ta kwamfuta, a birni ake yi, kuma 'yan ajin ƙarshe talatin da takwas muke da su da ba wanda ya taɓa sa yatsa a kanta. Autarmu na cikinsu. Yarinya ce mai kai, ita ke zuwa ta ɗaya tun aji ɗaya, kuma ita kaɗai ce a gidanmu take iya sa Baba dariya har ya riƙe ciki.

Sai dai shugaban makaranta ya sa hannu a takarda cewa in abu ya ɓace ko ya fashe makaranta ce da alhaki. Tun daga ranar ya daina cin abinci da daɗi. Motar na juya baya ya kira Baba ya damƙa masa makullin ɗakin, ya sauke numfashi. Da na dawo daga horo na tarar kowace kwamfuta ta koma kwalinta, cikin ledarta da farin sosonta, an jera su a sito ƙarƙashin littattafan kimiyya. Ɗakin kwamfuta kuwa tebura ne kawai da kwaɗo sabo fil a ƙofa.

Na ce masa ai ba haka aka ce ba, da kunnensa ya ji abin da Mai Tabarau ta faɗa. Ko ɗago kai bai yi daga rajistar da yake ɗaurewa ba.

"Malama, masu duba kaya goma sha tara na gani a ɗakin nan," ya ce. "Ran kawowa kowa cewa yake a yi amfani. Ran dubawa abin da ya fashe yake nema, da sunan wanda ya bari ya fashe."

Abin haushin shi ne ban iya ƙaryata shi ba. Ni ma na ga masu duba kaya. Ban taɓa ganin wanda ya tambayi abin da yaro ya koya ba, kujeru suke ƙirgawa.

Na bi ta gida, ya ce zancen sito a sito ake yi. Na bi ta sito, ya ce in kawo takardar shugaba. Na je wurin shugaba, ya ce haba Malama, ubanki ne fa, ku je ku daidaita. Haka suka yi ta buga ni kamar ƙwallo wata guda cur, har na yi fushi na daina gaishe da Baba kwana uku, shi kuwa ko a jikinsa. A ƙarshe abin da na samu shi ne ranar Alhamis. Awa ɗaya, kwamfuta ɗaya, ni kaɗai zan taɓa, yara su tsaya a bayana su kalla, shi kuma yana tsaye a ƙofa da agogonsa. Kowane sati wata daban yake fitowa da ita, wai don kada ɗaya ta riga 'yan uwanta tsufa. In an gama ya goge ta da ƙyalle ya mai da ita kwali.

Yaro kuwa ba ya koyon dannawa da ido. Sai na shiga kasuwa na roƙi kwalayen sabulu wurin masu shago, na yanka, na zauna da alƙalamin maka da rula na zana kibod, wato allon haruffan da ake dannawa, guda arba'in, kowane harafi a gurbinsa, daidai girman na gaske. Kullum bayan an tashi, 'yan ajin ƙarshe su zauna, in yi ta kiran kalmomi suna bugawa a kan kwali. Ajin sai ka ji kamar ana yayyafi a kan kwano. Kafin wata huɗu haruffan tsakiya sun goge, na sake zanawa, suka sake gogewa. Na Auta har ya huje a wuri biyu. Takan rufe ido ta buga duk abin da aka faɗa, ni kuma ina bin yatsunta ina karantawa, ba ta kuskure. Maus ne ya gagare ni. Na ba su kwalin ashana na ce su ja a kan tebur su ɗauka kibiya tana tafiya. Suka ja, ba abin da ya tafi, suka yi ta dariya, muka bari.

Sau ɗaya Auta ta roƙe shi da bakinta. Muna cin abincin rana a gida, ta ce Baba, ko minti goma ne. Ya ce in ya ba ta, da wane ido zai kalli sauran talatin da bakwai ɗin. Tsakani da Allah ba ya son kai, wannan ba zan ɗora masa ba. Amma ranar ya yi alkawari, kuma shi in ya yi alkawari an gama. Ya ce masu dubawa za su zo saura sati biyar jarrabawa. Su zo su ga kayansu lafiya, su sa hannu an bar mana, washegari zai buɗe ɗakin tun safe har yamma, 'yan ajin ƙarshe su danna har yatsunsu su gaji. Auta ta ƙirga a yatsu ta ce sati biyar ya ishe ta. Ni ma na yi lissafina na ga ya isa. Daga nan na daina faɗa da shi, na zauna jira kamar kowa, kuma wannan laifina ne ba nasa ba.

Ana gobe za su zo Baba ya wanke ɗakin kwamfuta da kansa, har sau biyu. Ya jera su goma sha biyu a kan tebura, ya daidaita tsakaninsu da rula. Ya bi aji ya tattara kwalayena arba'in ya kulle a sito, ya ce sun yi dauɗa, kada baƙi su gani su ce mu ƙazamai ne. Da safe ya sa rigarsa ta zuwa suna, wadda nake goge masa sau biyu a shekara.

Mai Tabarau ta shigo da wani dogon mai gyara. Ta tsaya a ƙofa ta ce ikon Allah, kamar yau aka kawo su. Na kalli Baba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ran da na gama makaranta. Har ya matsa ya nuna mata cewa 'yar ledar da ke manne a murfin kowace tana nan ba a ɓare ba.

Dogon ya zauna ya fara kunna su ɗaya bayan ɗaya. Yana danna wani wuri, ya duba, ya rubuta a takarda, ya matsa gaba. A ta huɗu ya kira ta da hannu. Ashe kwamfutar da kanta take riƙe lissafin awannin da ta yi tana aiki. Ko an faɗa mana wannan a horo ina gyangyaɗi ne, ko ba a faɗa ba, har yau ban sani ba. Kowace awa uku ta yi a shekara. Dogon ya ce makarantar da suka baro da safe kowace ta haura awa ɗari shida, biyu sun tsage a fuska, haruffa duk sun goge, kuma sun bar musu, har za su canja musu masu tsagewar.

Ta juyo gare ni, don ni ta horar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, me ya faru? Yaran ne ba sa so?"

Taku goma sha biyar ne tsakanin inda nake da ƙofar sito. In na karɓi makulli na ɗebo kwalayen nan na zube mata, ta ga na Auta da hujinsa biyu, ban san abin da za ta ce ba, amma da ta ga yara suna so. Sai dai tambaya ta gaba ita ce wa ya hana. Malamai sun cika taga, 'yan ajin ƙarshe suna bayansu. Shugaba yana kallon takalminsa kamar yau ya saya. Baba yana tsaye a ƙofa, hannu a baya, rigar nan a goge, har lokacin bai gane akwai matsala ba. Sau ɗaya aka taɓa kiran sunansa gaban makaranta, na ga yadda ya zauna bayan nan. Ban yi wani dogon tunani ba, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Bakina ne kawai ya buɗe.

"Lokaci ne bai samu ba," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ba ta ji daɗi ba, amma ƙa'ida ce, akwai makarantu tara da suke jira, ba za ta iya barin kaya suna kwance ba. Ta ce farantan sola a bar mana, ko fitila ma kunna da su. Sannan ta tambaya ko akwai sauran kwalayen da aka kawo su a ciki, ko da biyu ne.

Nan ne Baba ya gane. Ya kalle ta, ya kalli shugaba, ni bai kalle ni ba. Ya juya ya tafi sito. Kwali goma sha biyu ya kawo, kowane da ledarsa da sosonsa da 'yar wayar da ake ɗaure caja da ita. Shi ya naɗe, shi ya sa, shi ya rufe. Minti ashirin aka gama. Dogon ya ce tun da yake wannan aiki bai taɓa kwashe kaya cikin sauƙi haka ba, kuma yabo yake nufi, bawan Allah.

Motar ta kai bakin ƙofar makaranta sai muka ji ƙarar makullai. Baba ne da gudu, mutum ɗan shekara sittin, hula a hannu, yana ɗaga musu ɗaya hannun. Maus ɗin ajiya ne ya tuna yana cikin aljihun teburinsa. Ya miƙa ta taga, ya dawo yana haki. Ya kulle ɗakin da ba komai a ciki sai tebura, ya gwada kwaɗon sau biyu kamar yadda ya saba.

Washegari ita ce ranar da ya yi alkawari. Da safe ya fito da kwalayen arba'in ya ajiye a ƙofar ajina. Muka ci gaba. Sati biyar ina kiran kalmomi suna bugawa. Ba wanda ya tambaye ni dalilin abin da na faɗa, yaran duk sun ji ta taga. Auta ta ci gaba da wanke-wanke da kai wa Baba ruwan wanka, tana gaishe shi yana amsawa. Dariyar ce kawai ba a ƙara yi ba. Ni kuwa ina ci, ina barci, ina zuwa aji, ina jiran ranar da abin zai dame ni, shiru.

Ni na raka su birni ranar jarrabawa. Na zauna a inuwar katanga tare da sauran malamai da iyaye har suka fito. Auta ta zo ta zauna kusa da ni, ta karɓi ruwa ta sha. Ta ce ta buga lambar jarrabawarta kafin na kusa da ita ya gano harafin farko. Daga nan aka ce a kai kibiya kan wani ɗan akwati a danna. Ta ja abin, kibiyar ta gudu lungu. Ta ɗaga shi sama ta juya, ba ta dawo ba. Ta ɗaga hannu, mai sa ido ɗaya ne a kan mutum ɗari, kafin ya iso kwata na lokacin ya tafi, kuma in ta nufi amsa ɗaya sai ta danna ta ƙasanta.

"Na san amsoshin, Yaya," ta ce. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Muka jira sauran muka hau mota.

Cikin talatin da takwas huɗu suka samu, duk masu 'yan uwa a birni ne da suke zuwa hutu. Auta maki kaɗan ya hana ta. Yanzu tana zuwa wurin wata maƙwabciyarmu koyon ɗinki, wai kafin jarrabawar baɗi.

Ƙarshen zangon aka yi wa Baba taron sallama a filin makaranta, filin nan dai. Aka jera kujeru, aka zaunar da shi a gaba. Shugaba ya tashi ya ce a shekara talatin da ɗaya, in aka cire wani ɗan tsautsayi na farko-farko, ko allura ba ta ɓace ko ta lalace a hannun wannan bawan Allah ba. Ya ce har baƙi daga birni sun zo sun shaida. Aka yi ta tafi. Aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi da agogon bango. Auta na kusa da ni, ba ta tafa ba, ba kuma fushi take ba, hankalinta ba ya wurin. Yatsunta ne suke ta motsi a kan gwiwarta, ya zame mata jiki. Na bi su da ido na karanta, lambar jarrabawarta ce take maimaitawa. Da na ɗago na ga Baba ma wurin yake kallo, takardar yabon a kife a cinyarsa.

Ya miƙa makullan ga sabon mai sito, ya tsaya sai da ya nuna masa wane ne na wane. Muka kama hanyar gida mu uku, Auta a gaba da agogon, ni da shi a baya. Ban taɓa tafiya kusa da shi babu ƙarar makullai ba, sai na riƙa jin kamar da wani baƙo nake tafiya. Mun wuce famfon unguwa ya yi magana, ba ni yake kallo ba.

"Da ma ko guda ɗaya ce na bari sun fasa."

Na karɓi takardar yabon daga hannunsa saboda ta yi masa nauyi, muka ƙarasa gida.